Shekarar da Ubanku Ya Ajiye Usur

Na ji abin da ake faɗa muku a kan ubanku, na kuma san bakin da ya fara faɗa. Tsufa ya rage mini ido amma bai taɓa kunnena ba. A wani biki a unguwar Ammariyya, nan Jidda, ina zaune wata mata a bayana take gaya wa ƙawarta wai kocin nan na unguwar Nuzla tsoro ne ya kama shi ranar wasan ƙarshe ya gudu. Ƙawar ta ce ba haka ba ne, tsohuwarsa ce ta ɗaure masa ƙafa. Ban juya ba. Na gama cin shinkafata, na wanke hannu, na dawo gida na aika a kira mini Malama Ladidi, maƙwabciyarmu Bakanuwa, na ce ta taho da biro. Ni ban taɓa zama a aji ba, karatuna bai wuce abin salla ba, amma abin da ya faru a cikin gidana babu wanda ya fi ni saninsa. Da Hausa na ce ta rubuta. Na san za ku sha wuyar karantawa, ku da in an yi muku Hausa sai ku mayar da Larabci. Ku sha wuyar. Ubanku ya sha wadda ta fi ta.

Ba za ku ga sunansa a nan ba. Ɗan farina ne, mu kuwa a tarbiyyar da aka ba mu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun yana rarrafe in ina son sa sai in ce, kai, ko in ce, wannan yaron. Larabawan lungunmu sun daɗe suna zaton ɗan riƙo ne. Ban taɓa gyara musu ba.

Ƙwallo ita ce cutarsa tun yana ƙarami. A Nuzla, kafin a rushe ta, akwai wani fili a bayan gidan burodi da yara suka mayar filin wasa, silifa biyu nan, silifa biyu can, shi ke nan an yi raga. Ni ina bakin makarantar 'yan mata da tirena na gyaɗa da aya, in na dawo sai in tarar da wando a yage, gwiwa a fashe. Na dake shi har hannuna ya gaji, ya ƙi bari, na bar shi da Allah. An ce ya iya, ni ban gani ba. Manyan kulob ɗin gari ba sa ɗaukar baƙo mai iƙama, wato takardar zama, a wancan lokaci, ko da a nan aka binne cibiyarsa, don haka a wasannin hara, na cikin unguwa, ya ƙare ƙuruciyarsa, har ranar da wani ƙato ya taka masa gwiwar hagu aka kawo mini shi a bayan motar kayan miya. Na ce to, Allah ya raba mu da ƙwallo. Ashe sabon salo za a ɗauko. Da sandarsa ya koma filin, ya tattara yaran da suka fi shi ƙanƙanta yana ce musu kai tsaya nan, kai koma can. A gasar da ake yi da azumi yaransa suka doke wata ƙungiya mai riguna iri ɗaya da takalma masu ƙusa, su kuwa rabinsu ƙafa a ƙasa. Wani malamin wasanni na wata kulliya mai zaman kanta yana cikin masu kallo. Shi ya ɗauke shi, da farko ɗaukar ragar ƙwallaye da garwar ruwa, sannu a hankali mataimaki, har aka miƙa masa ƙungiyar gaba ɗaya. Kulliyar ta zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa da ta matarsa Jawahir da taku duka suka rataya a wuyanta. Aka daina kiransa da sunansa a gari, kowa sai Kabtin.

Akwai wata ɗabi'a tasa a aikin nan da nake so ku riƙe, don ita ce ta ɗaukaka shi, ita ce kuma ta cinye shi. Ba ya yarda a ce akwai wanda ba a iya wasa sai da shi. Ɗan gaba sai ya mayar da shi baya ya ɗanɗani wahalar tsaron gida, gola sai ya fito da shi tsakiya ya yi gudu. Ranar Alhamis kuwa zama yake yi a kan benci ya rungume hannu, usur a aljihu, ya ce su shirya kansu, su canja wanda ya gaji, su sasanta rigimarsu. Na ji shi yana gaya wa Jawahir cewa koci na gaskiya shi ne wanda in ya faɗi ya mutu a bakin fili yaransa za su gama wasan kafin su lura. Na ce masa ya daina kiran mutuwa a kan abinci.

Kafin kowane babban wasa gidana yake kwaso su. 'Ya'yan manya ne da yawansu, motocinsu ba sa shiga lungunmu, sai su ajiye a bakin titi su tako suna ɗage jallabiya saboda ruwan kwata. Ni ba ruwana da ɗan wane. A bakin ƙofa za ka cire takalmi, ƙarami ya zuba wa babba ruwan wanke hannu, a zauna a ƙasa a zagaye tire ɗaya na tuwon masara da miyar kuka. Ranar farko wasu suka riƙa taɓa miyar da kan yatsa kamar za ta cije su. Golansu, wani lukuti mai suna Basim, shi ya fara nutsa hannu, daga baya har roƙo yake a saka masa ragowar a roba. Ni ban taɓa zuwa kallonsu ba, ko da aka buɗe wa mata filaye. Ba na buƙata. Daga yadda yake tura ƙofa nake sanin an ci ko an sha kashi. In an ci ba na cewa komai. In an sha kashi ina ƙara man shanu a miya.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Garba Mai Ruwa, don ku kun san shi ne tsoho mai ba ku alewa a bakin masallaci. Kakanku yana yaro ya baro Mai Wurno ta Sudan a cikin ayarin masu niyyar hajji. Uwarsa ta rasu a bakin teku suna jiran jirgi. Mai jirgin da ya ƙetaro da su ya zubar da su a wata gaɓa can kudu da Jidda, ya nuna musu arewa da hannu ya juya. Kakanku zazzaɓi ya kayar da shi a kan rairayi, manya suka dube shi suka dubi ruwan da ya rage musu, suka juya za su wuce. Garba saurayi ne a lokacin, ba dangin iya ba na baba, ya sunkuya ya aza shi a wuya. Haka ya shigo da shi garin nan. A Jidda Garba ya ɗauki sanda da garwa biyu yana kai ruwa gidajen Balad, tsohon cikin gari, har famfo ya kashe sana'ar. Ya yi aure, matar ta rasu ba haihuwa, bai sake ba. Mutanen da suka ƙetaro a jirgi ɗaya suna da wata al'ada da ba a rubuce take ko'ina ba: ba a barin ɗayansu ya shiga ƙasa ta hannun baƙo. Kuma kun san yadda ake aza a garin nan, zaman makokin kwana uku. A jera kujeru a titi, a rataya fitilu, daga magariba zuwa isha dangin mamaci su tsaya a sahu, mutane su bi su ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗa suna yi musu ta'aziyya. Wanda ba shi da mai tsaya masa a sahu ba a jera masa kujera. A rufe shi kawai, kowa ya koma shago.

Da ciwon ajali ya kama kakanku, Garba yana gefen shimfiɗarsa, ubanku yana wajen ƙafafu, ni ina bakin ƙofa. Ya kama hannun Garba.

"Ɗana ɗanka ne. Shi zai sa ka a ƙasa, shi zai tsaya a kan sahunka."

Sannan ya dubi yaron ya ce ka ji ko. Ya ce ya ji. Lokacin gemunsa ya riga ya cika, ba za a ce yaro aka yi wa wayo ba.

A shekarar da nake ba ku labari ƙungiyarsa ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba, wasan ƙarshe na gasar kulliyoyi, za a yi shi a Riyad. Gidan ya cika da zancen. Jawahir ta goge masa sabuwar riga, ku kuna tsalle za ku ga Baba a waya. A cikin wannan murna ladan ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da hantsi ya ce Garba bai fito asuba ba, an leƙa ɗakinsa an tarar rai ya yi halinsa. Da a garinmu na asali ne da kafin azahar an gama. Nan kuwa gawar baƙo ba ta shiga ƙasa sai da takarda, kafilin Garba kuma ya daɗe da rasuwa, iƙamarsa ta mutu tun kafin shi. Aka kai shi talajar asibiti, ɗakin sanyin da ake ajiye gawa. Ubanku ya rabu biyu, da safe yana bin ofisoshi, da yamma yana fili. Kullum in ya dawo sai ya ce gobe in sha Allahu. Ni ina roƙon Allah takardar ta fito kafin tafiyar ko bayanta. Allah ya ga dama ya fito da ita a tsakiya. Aka ce a zo a ɗauki gawa ranar wasan, a yi jana'iza bayan la'asar, in kuma ba a zo ba za a haɗa shi da waɗanda ba su da kowa. Jirgin 'yan ƙwallo da safe zai tashi, wasa bayan magariba.

Ubanku ya je neman izini wurin mudir, shugaban wasanni na kulliyar. Ba mugun mutum ba ne, ya taɓa aiko mini da dabino. Mudir ya tambaye shi ko mamacin ubansa ne, ya ce a'a. Baffa ko kawu, ya ce a'a. Ubanku ya ba shi labarin rairayi da wuya da garwa. Mudir ya saurara har ƙarshe, ya yi wa Garba addu'a, sannan ya ce dokar hutu jini ta sani, wanda ya ɗauki uban mutum a wuya ba shi da gurbi a cikinta. Ya ce masu kulliyar da kansu za su je Riyad, in suka duba benci suka ga babu koci shi ba zai iya tare masa komai ba.

Da yammacin nan gidan ya ɗauki zafi. Jawahir ta bi shi ɗaki ta bi shi tsakar gida, rabi Hausa rabi Larabci. Ta ce akwai liman, akwai ladan, akwai mazan unguwa cike da masallaci, Garba ba zai kwana a waje ba. Ta ce takardun mutum shida suna rataye a aikin nan, in ya faɗi wa za su kama. Ta ce mamaci ba ya sanin hannun da ya sa shi a rami, amma mai rai yana sanin ranar da aka kore shi daga makaranta. Ina jin ta daga inda nake tsince gyaɗa, kuma ku sani ban ga laifin uwarku ba, ko a lokacin ko yanzu. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuma ya ci ladan kulliya shekara da shekaru. Yaran nan ma amana ne a hannunsa. Sai dai akwai askin da aka karɓi ladansa tun kafin a haife shi.

Ban sa baki ba. Shi ma bai tambaye ni ba. Da gari ya waye na gan shi ya fito da jakarsa a kafaɗa, usur a wuya. Ina zaune a tabarma ina turara likkafanin da Garba ya ba ni ajiya tun shekarun baya, wanda ya wanke da ruwan Zamzam. Ya durƙusa da gwiwarsa mai lafiya ya ce zai tafi, ya yi magana da liman, za su yi komai yadda ya kamata. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Bai tashi ba.

"Inna, ki ce wani abu."

"Na ce Allah ya kiyaye. Kafin ka fita ka buɗe akwatin ubanka ka miƙo mini farar rigarsa."

"Me za ki yi da ita?"

"Mace ba ta shiga maƙabarta a garin nan, wannan ya fi ƙarfina, baƙi su sa shi. Amma titin ƙofar gidana ne. Zan sa rigar in tsaya a kan sahu, wanda ya zo ya dafa kafaɗata."

Kada wani ya ce muku ban san nauyin abin da na faɗa ba. Na sani sarai. Na auna shi tun ina sallar asuba, na kuma san inda zai sauka. Amma ba barazana na yi ba, da ya fita da na sa rigar. Kuma ban riƙe masa ƙafa ba, ƙofa a buɗe take, motar da za ta kai shi filin jirgi tana bakin titi tana hon. Ya daɗe yana kallon hayaƙin turaren. Sannan ya sauke jakar a hankali kamar mai sauke jariri, ya ciro waya ya kira mataimakinsa, wani yaro mai ladabi da ake kira Kabtin Wa'il, mai takardun koyon aikin da ubanku bai taɓa samu ba. Na ji yana ce masa yalla ku tafi, ka yi kamar Alhamis ce, kada ka cika magana, sun san abin yi. Jawahir ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta buga ta ba, ta dai rufe.

Shi ya karɓo gawar, shi ya tsaya a kan wanka. Waɗanda suka je maƙabarta sun gaya mini da aka zo sa shi liman ya ce wa wani matashi ya shiga, saboda gwiwar Kabtin. Ya ce a'a. Ya sauka da kansa, ya karɓe shi ta wajen kai, ya kwance ɗaurin likkafanin, ya juya shi gabas ɗin garin nan, wajen Makka. Wurin fitowa sai da mutum biyu suka jawo shi. Ya dawo gida jallabiyarsa ja da ƙasa har ƙirji, na hana a wanke ta a ranar.

Da magariba aka jera kujeru. Kafin ya fita ya miƙo mini wayarsa ya ce in riƙe. Tana ta rawa a cinyata kamar an kama fara, na jefa ta cikin tukunyar shinkafa na rufe. Na hau soro na leƙa ta tagar katako. Shi kaɗai ne a tsaye a kan sahu. Bayansa tsofaffi biyu da suka rage daga jirgin nan, su ma a zaune, ƙafa ta ƙi. Mutanen Nuzla suka yi ta wucewa suna dafa shi, masu gidan burodi, Yamalawan kanti, tsofaffin matan Balad ma sun aiko 'ya'yansu, don Garba ya shayar da gidajensu. A daidai wannan lokaci ake buga wasan da ya yi shekaru yana gini dominsa. Ina kallon fuskarsa ƙarƙashin fitila, ko sau ɗaya bai waiwaya neman labari ba. Sai bayan isha ƙanen Jawahir ya matso ya raɗa masa cewa sun ci kofi. An kori ɗan bayansu ɗaya tun kafin hutun rabin lokaci, ɗan gaba ya koma gurbinsa ba tare da an ce masa ba. Ubanku ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana motsi. Ban sani ba dariya ce ko kuka, ban kuma tambaya ba.

A yammacin aza na uku ina kan soron nan na ga fararen jallabiyoyi suna shigowa lungu, ba mai ɗage tasa. Ƙungiyar ce gaba ɗaya, da Wa'il a baya. Na zaci za su bi layi su dafa shi su wuce kamar kowa. Basim ne ya tsaya ya tambayi ladan inda dangin mamaci suke tsayawa. Ladan ya nuna masa. Ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ubanku, sauran suka jeru a gefensa, sahu ya miƙe har kwanar gidan burodi. Garba da bai haifi ko ɓera ba, mutane suka gaji da dafa kafaɗun 'ya'yansa. Matan da ke tare da ni suka fashe da kuka. Ni na sauko na ɗora ƙarin tukunya, don na san cikin Basim. Da suka shigo gaishe ni ya ce, Hajja, kofin yana mota, a shigo da shi ki gani. Na ce ya bar shi inda yake, gidan makoki ne.

To ga abin da masu zancen biki ba su sani ba. Da yaran nan sun sha kashi a Riyad, da an ce rashin Kabtin ne, a yi masa faɗa, a yanke masa albashi, a roƙe shi ya zauna. Da suka ci, masu kulliyar suka dubi benci suka ga yaro mai takardu zaune shiru, ƙungiya tana tafiya da kanta, suka ce ashe wancan ba a buƙatarsa. Abin da ya kashe ƙuruciyarsa yana koya musu shi ya zama shaida a kansa. Ba a daɗe ba mudir ya kira shi, ya zuba masa gahawa da hannunsa, ya ce an gode, ba za a sabunta kwantiragi ba, dalili kuwa barin aiki ranar da aka fi buƙatarsa. Ubanku ya ce a cikin maganar nan guda biyu wacce ce gaskiya, an buƙace shi ko ba a buƙace shi ba. Mudir ya kalli kofin gahawarsa ya ce halas, an gama, Kabtin, magana ta fito daga sama. Yaran suka je suka yi roƙo, aka ce su koma aji. Wa'il ya zo har gida ya tsuguna a gabana ya ce bai nemi kujerar ba. Na ce na sani, ya sha shayinsa, ya kuma riƙa ba su Alhamis ɗinsu.

Ba zan rage muku tsadar abin ba. An ba shi wa'adi ya nemi wani kafili ko a rubuta muku fita daga ƙasar da aka haife ku. Ya bi makarantu da kulob-kulob, ko'ina labari ya riga shi isa, kocin da ya bar yaransa ranar wasan ƙarshe. Ba mai tambayar ina ya je. A ƙarshe wani mai shagon kayan mota a unguwar Bani Malik ya karɓi takardunsa, mutumin da dubban yara suke kira Kabtin ya koma ɗaga batir da taya da gwiwa ɗaya. Har yau can yake. Ke Hanadi, shekara guda kika zauna a gida ƙawayenki suna tafiya makaranta, na ga yadda kike kallona a lokacin, ban manta ba, ban kuma ce ba ki da hujja ba. Uwarku ta daɗe ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, abincina bai taɓa makara ba, amma na san ɗanɗanon tuwon da aka tuƙa da fushi. Mun shirya daga baya, ba wadda ta ba wata haƙuri. Wata rana dai ta zauna kusa da ni ta ja tiren gyaɗa muka tsince tare.

In kun tambaye ni ko da zan sake, zan sake. Da Garba ya yi lissafin ruwan da ya rage masa a kan rairayin nan kamar yadda manya suka yi, da babu kakanku, babu ubanku, babu Hanadin da za ta zauna a gida ta yi fushi da ni. Aiki an ba shi an karɓe. Waccan amana ta Garba kuwa ba kulliya ce ta ba shi ba balle ta karɓe. Saboda haka duk wanda ya sake ce muku ubanku gudu ya yi, ku ce masa ya je ya tambayi masu haƙa a maƙabarta wa suka jawo daga rami a ranar.

Abu ɗaya ya rage, shi ma don kun kasance a wurin amma kun yi ƙanƙanta ku gane. Ranar da ya kwaso kayansa daga kulliya da azahar ya dawo, rungume da kwali. Ban ji turin ƙofar da na sani ba, na ci ko na shan kashi, a hankali ya buɗe ta kamar baƙo. Ya ajiye kwalin, ya cire usur daga wuyansa ya rataya a ƙusar da carbin ubansa yake, ya juya zai shige ɗaki bai dubi kowa ba. Jawahir tana bakin murhu, ku kuna kan tabarma. Na dubi bayansa, na ga furfura a ƙeyar da na saba gani da ƙurar fili. Sai na buɗe baki na kira shi da sunan da aka yanka masa rago.

Bai juyo ba. Bai san sunansa a bakina ba. Sai da na sake kira, ludayi ya tsaya a hannun uwarku, sannan ya waiwayo yana dubana kamar wanda aka tasa daga barci.

"Na'am, Inna."

"Zo ka zauna. Tuwo zai huce."

Ya zo ya zauna, na tura masa tiren, na ƙara man shanu. Tun daga ranar ban sake kira ba, kuma Malama Ladidi ta ɗaga biro tana jira in faɗa ta rubuta. Ajiye biron, Malama. Sun san sunan ubansu.